Ɗakin da Ke Bayan Rumbu

Takalmina ne ya fara gaya mini. Da safe ne, na gama gasa kisra, gurasarmu ta dawa, na tashi daga gaban murhu zan ɗebo ruwa. Sai da na cika moɗa na juyo, na hango silifas ɗina ƙafa ɗaya kwance a tsakar gida. Ashe tun daga murhu nake taka ƙasa haka, ban ji sanyinta ba, ban ji tsakuwa ba. Na danna yatsuna a ƙasa da ƙarfi. Kamar ƙafar wata aka ara mini.

Ban gaya wa kowa ba ranar. Muna shekararmu ta biyu da aure, maigidana ya fita hawasha, gonarsa ta auduga a gefen Wad Haddad, don ruwan ban-ruwa ya zo layin gonakinsu. Na ce gajiya ce. Kafin mako ya zagayo ƙafafun biyu sun ƙi ɗaukata, kofin shayi ma kuɓuce mini yake yi. A asibitin Sinnar likita ya ce ciwon jijiya ne mai hawa daga ƙasa, kuma in Allah ya so zai sauka, amma a hankali: wata da watanni, wataƙila fiye da shekara. Na yi sakandare, na gane bayaninsa kaf. Ganewar ba ta rage mini tsoro ba. Duk zamanmu a can maigidana ne ke juya ni, shi ke ɗaga ni, domin innata na da goyo, tasa kuma ta tsufa.

In ba ka san al'adarmu ba, bari in gaya maka. Mace in ta kwanta doguwar jinya, ba a barinta gidan miji. Iyayenta ke ɗaukarta, kada a ce sun bar wa surukai wankin ɗiyarsu. Ranar da aka sallame mu Baba na tsaye a bakin asibiti, kuma babu wanda ya tambaye ni ina nake son zuwa.

Na san wannan jinyar tun ina ƙarama. A gidanmu akwai wani ɗaki bayan rumbu, nan aka ajiye gwaggona, ƙanwar Baba, da ɓarin jikinta ya shanye. Ni ake ba kwanon abincinta. Har yau ina tuna duhun ɗakin da rana tsaka, da ƙamshin man riɗi da ya kama tabarma. Mijinta kan zo duk Juma'a. Daga baya sai da Salla. Daga baya sai saƙon gaisuwa. Ba a taɓa cewa ya sake ta ba, ba a kuma ce bai sake ta ba. In aka yi sallama a waje sai ta ɗaga kai ta ce, “Duba mini, wa ke zaure?” In ruga da murna, in dawo in ce mai gawayi ne. Ban san abin da nake yi mata ba. Wata damina ta rasu a ɗakin.

Nan aka kai ni. Ba mugunta ba ce, ɗakin ne ba shi da dokin ƙofa, kuma shi ne kusa da bayan gida.

Gidan yawa ne, amma da hantsi kowa ya watse. Ina jin mata na wucewa tsinkar auduga suna hira, ina jin jaki, ina jin kurciya a kan rumbu, sannan shiru. Ranar Juma'a maigidana kan zo, ya tsaya zaure wurin Baba kamar yadda suruki ke yi. In an ba shi izini ya leƙo, ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, Inna na ɓoye a ɗakin girki. “Ya jiki?” “Da sauƙi.” Mutumin da ya ɗauke ni a hannu a Sinnar, yanzu ko ido ba ma haɗawa. In ya bugo waya, yatsuna ba sa riƙewa, sai Habboba, kakata uwar Baba, ta kara mini a kunne tana zaune tana saurare. Me zan ce? Tambaya ɗaya ce a bakina, ita kuma ba a yin ta gaban mutane.

Habboba ce ta yi jinyar gwaggo, ita ce kuma ta yi tawa. Kullum tana murza mini ƙafafu da man riɗi tana mita. Da sanyi ya shigo ta taɓa su ta ce, “Kai, ƙafafun ga kamar kifin kogi. Duhan suke so.” Ramin hayaƙi ke nan da matanmu ke yi: a sa itacen talha ya ci ya zama garwashi mai hayaƙi, mace ta zauna bisa bakin ramin, a lulluɓe ta da bargo. Ana yi don ƙamshi, ana yi don sanyin ƙashi, ni ma na yi kafin bikina. Suka ɗauke ni ita da Inna, suka zaunar da ni, suka tokare bayana.

“In ya yi zafi ki faɗa,” in ji Habboba.

Na ce to. Ita ba ta tuna ba, ni da karatuna ban tuna ba. Lafiyayya in zafi ya yi yawa gyara zama take yi. Ni ina zaune ina shaƙar ƙamshi, har ina jin kamar na koma mutum. Hancin Habboba ne ya ji ƙamshin ya sauya. Ta fizge bargon, Inna ta yi salati. Fatar bayan ƙafafuna ta saluɓe. Na dube ta kamar yadda ake duban ciwon wata, kuma wannan ya fi ƙunar firgita ni.

Hakim, malamin asibitin ƙauyenmu, ya wanke, ya naɗe, ya yi faɗa. Habboba kuwa ta kasa taɓa abinci.

Yanzu da nake rubuta wannan ina tafiya, da sanda, a hankali. Tabon na nan. Har yau in na ji sallama a ƙofa gabana kan faɗi kafin in tuna inda nake. Ban tabbata zai daina ba.

Juma'ar da ta biyo bayan ƙunar, ina jin muryar maigidana a zaure, sai Habboba ta ɗauki sandarta. Ka san ita kaɗai ce ba kunya tsakaninta da shi, wasa ne tsakanin kaka da mijin jika. Na jiyo ta tana cewa, “Kai mijin nawa, taso mu shiga ciki.” Baba ya fara, “Inna...” Ta ce, “Yi shiru, ni da angona ne.”

Ta jawo shi har gaban gadona, ta yaye zanen.

“Ka gani? Ni na yi. Da hannuna, da son da nake mata.” Ta dube shi. “Na taɓa jinyar ɗiya a ɗakin ga. Muna ta kunya, mu ba mu tambaya ba, mijinta bai faɗa ba, har ta tahi. Yau ba ni da kunya. Kana son ta gidanka ko ba ka so?”



Maigidana ya ce, “Habboba, na aiko baffana wurin Baba, aka ce sai ta taka da ƙafarta. Na ji nauyin sake magana.”

“Nauyi! Wa zai yi mata wanka?”

“Ni.”

“Bayan gida fa?”

“Wanda ya yi a Sinnar.”

“Hawashar kuma aljanu za su ba ta ruwa?”

“'Yan layinmu sun ce za su kama mini in ruwa ya zo.”

Baba na tsaye a ƙofa. A hankali ya ce, “Inna, mutane za su ce mun kasa.”

“Wancan karon mi suka ce? Yabonmu suka yi. Da yabonsu muka binne ƙanwarka.”

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya matsa daga bakin ƙofar.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, gaban Baba, gaban kowa. Na ce, “Likita ya ce wataƙila fiye da shekara. In ban tashi ba fa?”

Maigidana ya ɗago ya dube ni, karon farko tun Sinnar. “Gida na ce za mu,” ya ce. “Ban ce tsere za mu ba.”

Habboba ta share fuska da bakin gyalenta. “Kin ji da kunnenki. Halas, magana ta ƙare, ɗiyata, ba a barinki nan.” Ta zungure shi da sanda. “Kai kuma je ka nemo keken jaki kafin la'asar, tun ban sake shawara na riƙe ka ni ba.”