Ban Yarda Ba, Mai Gyaran Kwamfuta

Ina cikin shara a ƙofar gida telan layinmu ya tsaya ya ce min mai gyaran kwamfuta zai rufe shago, idanunsa sun gaza. Na jingine tsintsiya na zauna. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na ce sai na rubuta abin da na sani a kan mutumin nan, a karanta masa tun yana da rai.

Duk layin Ban Yarda Ba ake ce masa. Kullum da safe zai buɗe ɗan tsukukun shagonsa na ƙarƙashin bene, ya goge tebur, ya duba ko salatif ɗin da ya manna a idon kyamararsa yana nan. Ko gaishe shi ka yi, sai ya leƙo ka ta saman tabarau. Tela yakan ce, "Wannan ko madubi ya duba, sai ya tambayi na ciki wa ya aiko shi."

Maigidana kuwa, Allah ya jiƙansa, bai iya cewa a'a ba. Da ya bar aiki ya sayi kwamfuta ta tebur don jin labarai da ganin 'yarmu da ke aure a nesa. Duk akwatin da ya faɗo yana neman izini, sai ya danna ya yarda. In na yi magana ya ce, "Haba, ai da ladabi suka tambaya."

Bayan rasuwarsa na lura kwamfutar ta san abin da ba mu gaya wa kowa ba. Tallan maganin ciwon da ya kashe shi yana bina duk shafin da na buɗe. Sai ga saƙon wani baƙo yana min ta'aziyya, wai in shigar da kalmar sirrin marigayi. Na fara kallon maƙwabta a kaikaice. Na lulluɓe kwamfutar da zane. 'Yata ta ce a waya, "Mama, a goge komai, ko a jefar da ita." Na kasa, don akwai abin da ya bar min a ciki.

Na sa aka kai ta shagon, na ja benci na zauna.

"Mama, ki je ki dawo."

"Ba inda za ni. Kai ma ban yarda da kai ba."

Tela shaida ne, ranar aka fara ganin haƙoran mai gyaran. Ya ce, "Yau na haɗu da yayata."

Ya nuna min burauza, wato ƙofar da ake bi a fita intanet. Tamu cike take da ƙananan manhajojin da marigayi ya amince wa, kowace tana leƙen abin da ake rubutawa tana kai rahoto. Ya ce sai an canza ƙofa. Bai ɗauki wadda kowa ke yayi ba. Kowace sai ya bincika su wa suka yi ta, da me suke ci, kuma ko suna yawan toshe ɓarakarta. Da ya zaɓa, ya shiga cikinta ya hana masu bin sawu, ya hana ta faɗin inda nake, ya hana ta ajiye kalmar sirri, ya sa ta manta komai da zarar an rufe ta. Manhaja mai tare talla guda ɗaya ya saka, wai masu gadi in sun yi yawa su ma sai an yi gadinsu. Da zan rubuta sabuwar kalmar sirri, ya juya ya fuskanci bango.

Sai ya kai hannu zai goge tsohuwar burauzar. Na riƙe hannun rigarsa.

"Mama, wannan ta ruɓe."

Na miƙa yatsa na danna harafin m a samanta. Ta ƙarasa da kanta: maganin ciwon gwiwa na mata. Ciwo yana cin maigidana, shi kuwa gwiwata yake nema wa magani.

Ya cire tabarau, ya murza ido, ya mayar da shi. Sannan ya koma aiki. Bai goge ta ba, ya datse mata hanyar intanet gaba ɗaya. Ya ce, "Ta zama ɗaki marar taga. Ki shiga duk lokacin da kika so, amma ba abin da zai fita."

Kai ne ka yi wannan, Ban Yarda Ba. Kai ne mai kemis ya ce ka hana kwamfutarsa tallata sirrin marasa lafiya. Shekara da shekaru sirrin layin nan yana bi ta hannunka, ban taɓa jin na wani a bakinka ba, kuma na kasa kunne sosai. Na gode. Allah ya ba idanunka lafiya. Masu gyaran da za su gaje ka, ku koyi juya fuska bango. Sauranmu kuma mu koyi cewa a'a, ko da ladabi aka tambaya.

Har yau ban saki jiki da na'urar nan ba. Kullum da safe nakan taɓa salatif ɗin da ya manna min a kyamara, in ji ko yana nan. Sannan in buɗe tsohuwar burauzar, in danna m.