Zoɓona a Injin Turawa

Mun bar gida ana kiran assalatu, ni da maƙwabciyata. Jakata rabi tufafi, rabi busasshen zoɓo, don shi ɗana ya ce in riƙo masa. A Jidda layin duba fasfo ya kusa karya mini ƙugu. Motar Makka kuwa sanyinta ya sa na lulluɓe har hanci, direba yana ta "yalla, yalla" kamar mu muka tare hanya.

Sai da muka sauke Umara sannan ɗan nawa ya zo ya kai mu unguwar Zahir, inda yake aiki a shagon lemo. Gurasar unguwar riyal ɗaya ce, faɗinta kamar faifai, mu biyu muka kasa cinyewa.

A shagon na tarar da abin da ya hana ni sukuni. Maigidansa ya sayo inji mai kama da firij, kwalabe a jere ciki, tukunyar gas a gefe. Gas ɗin ba na girki ba ne, ba ya kama wuta. Shi ke korar iska daga kwalba, ya turo abin sha ta famfo. Yaron nawa yana ɗaura tiyo, yana shafa ruwan sabulu a mahaɗa ko zai ga kumfa. Zoɓo za su riƙa sayar wa 'yan'uwanmu ma'aikata. Da matar yaron ta ce mini a ƙasar Turawa giya ake ajiyewa a irinsa, gabana ya faɗi. Sabo ne fil, amma na san zoɓo: in ya sha sukari ya jima cikin zafi, juyawa yake yi ya zama giya. A Makka! Kuma da hannun ɗana!

Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in tsare shi da magana. Sai na dubi matar, shi yana tsaye: "Ki gaya wa mai gas, kore iska ba ya hana tsami."

Ya yi dariya, kai a ƙasa. "Ki ce wa Hajiya wannan ba randar gida ba ce."

Ina ɗawafi, zuciyata tana Zahir. In yi istigfari, ta sake komawa.

Ranar buɗewa aka wayi gari sanyin injin ya tsaya tun jiya. Mutane sun taru a ƙofa. Maigidan, wanda takardar zaman yaron take hannunsa, ya ce, "Ma fi mushkila, ba damuwa, zuba musu ƙanƙara kawai." Yaron ya tara kofi, ya sansana, ya ɗanɗana. Na ga fuskarsa ta canja, zoɓon ya juya. Ni dai carbina nake ja. Bai dube ni ba. Ya rufe gas, ya kwance kwalaben, ya tuttule su a kwata. Maigidan ya yi ta faɗa da Larabci har jijiyar wuyansa ta tashi. Har muka baro ƙasar bai ce ya kore shi ba, bai kuma ce ya yafe ba.

Na tafi ina tsoron inji, ashe hannun da ke kan famfon ne abin dubawa.

Da na dawo, mata suka cika tsakar gida, ana rabon dabino da zamzam. Wata ta ce, "Hajiya, ya kika baro babban naki?"

Na ce, "Yana nan." Na shige ɗaki, na sa goshina a ƙasa ina gode wa Allah.