Farin Rairayi a Wandon Yaya

Ni ce mai wanke kayan Yaya a shekarar da Turawa suka sa a haƙa hanya ƙarƙashin gulbi. Ina budurwa a lokacin, na sauke Alƙur'ani, ina karatun littattafai a gaban Baba a gidanmu na Ƙofar Dundaye. Yaya kuwa tun yana ƙarami ya ajiye allo ya bi Kawu, ƙanen Inna, haƙar rijiya. Ya yi suna a sana'ar. Mutane suna cewa yana jin ƙanshin ruwa tun dagi bai taɓa danshi ba.

An gina sabuwar mahauta a bayan gari, kusa da wani siririn reshen gulbi wanda ba ya ƙafewa ko da bazara. Jini da ruwan tumbi suna gangarawa cikinsa, ga mata suna ɗiba a can ƙasa, ga masu albasa suna ban ruwa. Sai aka ce za a kai ƙazantar ƙetare ta cikin bututun ƙarfe, a zuba ta a ramuka nesa da mutane. Ba dama a tsaga ruwa mai gudu a binne bututu, dole a bi ta ƙarƙashinsa. Aka haƙa rijiya mai faɗi a gaɓarmu har ta zarce zurfin gulbin, daga gindinta kuma aka fara haƙa a kwance. Mutum ɗaya ke rarrafawa cikin bututun da fitila, igiya ɗaure a ƙafarsa, ya kai bakin gaba ya sassaƙe ƙasa, a jawo ta da kwando. Sannan leburori su murɗa wani ƙarfe ya tura bututun gaba. Duk inda mai haƙa ya nufa, nan bututu yake bi. Yaya aka zaɓa.

Ban taɓa zuwa wurin ba, amma kullum da safe aikin yana zuwa mini cikin kwatarniyar wanki. Da farko ruwan yakan yi ja. Daga baya ya koma baƙi, laka mai santsi tana maƙale a gwiwar wando, sai na kankare ta da farce. Nakan daɗe hannuna cikin kumfa ina tunanin ɗan'uwana kwance a duhu, kifaye suna wucewa bisa bayansa, jirgin masunta yana ratsa samansa kamar gajimare. Har baitoci nake ƙullawa a zuci, sai Inna ta yi mini tsawa in koma kan aikina.

Wata safiya na warware naɗin ƙafar wandonsa, farin rairayi ya zubo a tafina. Mai laushi ne, wankakke, irin wanda muke takawa a bakin ruwa. Na ajiye shi a marfin kwano. Washegari ya fi yawa, har da wata 'yar katantanwa ƙarama a ciki.

Na sami Yaya yana shan koko a tsaye.

"Yaya, rairayi na gani a wandonka."

"Awo, Malama. Yanzu har ƙasa kike karantawa? Littattafan Baba sun ƙare?"

"A da laka kake zuwa da ita."

"Laka ta ƙare, aiki ya yi sauƙi. Dagi shina shiga kamar cikin tuwo." Ya lakace mini hanci da yatsa. "Ki ji da wankinki, auta."

Na tambaye shi ko Baturen da ke auna musu hanyar bututun ya gani. Ya ce Bature yana kwance da zazzaɓi tun makon jiya, helma, shugaban leburori, ke kula da aiki, kuma shi ba ya bukatar wani ya nuna masa hanya a cikin ƙasa. Ya saɓa dagi ya fita.

Na kasa taɓa wankin. Na ɗauki marfin kwanon na zagaya gidan Kawu, wanda idanunsa suka dushe har ya daina shiga rijiya. Yana zaune a zaure yana tufka igiya. Na zuba masa rairayin a hannu. Ya murza, ya kai hanci, ya ɗora kaɗan a harshe. Da yatsansa ya ci karo da katantanwar sai ya tsaya cik.

"Ina kika samo wanga?"

Na gaya masa.

"Wanga shimfiɗar gulbi ce, ɗiyata. Yaron ga sama shike yi." Ya laluba sandarsa. "Ni na koya mishi bin danshi. Hannun mai rijiya ruwa shike bi, ko mai hannun bai sani ba. In kana haƙa a tsaye, ruwa ƙasa shike, ka bi shi ka samu. Shi yanzu ruwa bisa kainai shike. Kama min sanda."

Ban nemi izinin kowa ba. Na ja mayafi na riƙe bakin sandar, Kawu yana biye da ni yana tuntuɓe. Hanyar ta yi mini tsawo, ungulayen mahauta suna shawagi can gabanmu kamar ba ma matsowa.

Helma ya tare mu a bakin babbar rijiyar. Ya gaida Kawu da ladabi, amma da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya.

"Haba Baba, yau ne aiki ya fi gudu. Kwando bayan kwando. In na tsayar da shi, mi zan ce wa Bature?"

"Ka ce mishi tsoho ya zo da rigima. Fiddo min yaro."

Suna wannan ja-in-ja na matsa gaɓa, don ban san inda zan sa idona ba cikin maza. Ruwan yana tafiya a hankali, kore-kore, da ganyaye a kansa. Can wajen tsakiya na ga wani ganye ya daina tafiya. Ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa, sannan ya nutse da tsaye. Wurin ya lotsa kamar cibiya, ruwa yana kewaya shi.

Ban san ina da murya irin wannan ba.

"Kawu! Gulbi ya huje!"

Kawu ya leƙa ramin da ba ya gani, ya daka wa leburori tsawa su ja igiya. Suka ja. Igiyar ta fizge ta koma ciki, alamar Yaya yana cewa a bar shi.

"Shi ya ce a sake," in ji ɗaya daga ƙasa.

"Ni na ce ku ja, don ubanku! Ko ƙafar za ta cire!"

Na durƙusa a bakin ramin. Daga bakin bututu wani siririn ruwa ya fara zuba, fari da rairayi. Kafin in gama salati ya yi kauri kamar cinyar mutum. Leburori biyu suka kama tsani suka gudo sama. Sauran suka tsaya cikin ruwa har gwiwa suna ja, helma ma ya tsunduma ya kama. Igiyar ta ƙi zuwa. Ta zo kaɗan, ta sake cijewa. Ruwa ya kai musu ƙugu, bakin bututun ya kusa nutsewa, ni kuwa ina ta kiran "Yaya, Yaya" kamar zai ji ni.

Tafin ƙafarsa ne ya fara fitowa, fari fat. Suka zaro shi kamar an zaro ɗan maraƙi, suka miƙo shi sama hannu da hannu. Ba ya motsi. Fatar idon sawunsa ta saɓule inda igiya ta ci. Kawu ya lalube shi, ya kifa shi bisa gwiwarsa, ya sa yatsa ya kwashe rairayi daga bakinsa, yana dukan bayansa yana kiransa da sunan yarinta. Na riƙe kansa, gashinsa cike da ƙasa mai sanyi.

Sai ya yi tari. Ruwa ya fito, ya sake fitowa, ya ja numfashi da ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Ya daɗe kwance yana kallon sama. A bayanmu rijiyar ta cika har baki, ta yi daidai da gulbin, kwanduna suna yawo a kanta. Da ya iya magana sai ya juyo da ido wurina.

"Inna ta san kin fito?"

Na girgiza kai.

"To ki riƙe ni mu tafi tare," in ji shi. "In ta gan ni haka, ba ta tunawa da ke."