Baba Kashe-Fitila da Ɗan Rakiya

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran babban ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda kowa ya sani da Baba Kashe-Fitila, bayan jinyar kwana huɗu. Ina tsaye gaban firji da safar roba a hannu 'yarsa ta fari ta kira ni ta faɗa mini. Na daɗe ban motsa ba, har sai da firjin ya fara ƙara don na bar ƙofarsa a buɗe. Da kana nan, Baba, da na sha faɗa har azahar.

Na yi niyyar rubuta wannan ta'aziyya da nutsuwa irin wadda ta dace da rasuwar dattijo, amma duk abin da na tuno game da kai sai in tsinci kaina ina murmushi. Ka yafe mini, kai ka jawo.

Ni likitar fata ce. Shekara uku da suka wuce na zo ɗakinka don yin digirina na uku a kan tabon ƙuna, irin wanda yake kumbura ya yi tauri har ya hana mutum miƙe hannu. Zaren da ke riƙe da fatar ɗan Adam, wanda ake kira kolajin, iri-iri ne, ni kuwa ina zargin wani iri guda ne yake yin yawa a cikin wannan tabo. Don a gan shi da ido, akwai wani ruwa da ake kira antibodi, yana zuwa a 'yar kwalbar da ba ta kai ƙaramin yatsa ba. Ba ya kama komai sai kolajin ɗin da aka yi shi dominsa, kuma an haɗa shi da rini mai ƙyalli. A ɗiga shi a kan siririn yankin fata da ke manne a gilashi, a wanke, a shiga ɗakin duhu a sa a madubin ƙara girma, duk inda kolajin ɗin yake sai ya yi kore shar. Littafi ya ci shafi goma yana wannan bayani. Kai kuwa ranar farko ka ce mini: “Kare ne da ya san ƙanshin mutum ɗaya, aka rataya masa tocila a wuya.” Ban sake buɗe shafin ba.

Rinin nan ba ya shiri da haske, da ya sha shi sai ya dusashe, kuma daga nan sunanka ya samo asali. Shekara talatin da biyu kana daka wa mutane tsawa a kan fitila. Ba zan manta da ranar da shugabannin makaranta suka zo rangadi ba. Babbansu ya tura ƙofar ɗakin duhu, ya laluba bango ya kunna fitila, kai kuma idonka na kan madubi, ko waiwaye ba ka yi ba ka ce: “Kashe fitila! Wane ne wannan bai iya karatu ba?” Bawan Allah ya kashe, ya ba da haƙuri, ya fita ya karanta takardar da ke jikin ƙofa. Farfesa, mai kula da aikina, ya ce tun da yake bai taɓa jin daɗin rangadi kamar ranar ba.

Mama, uwargidanka, ta ba mu wani labarin da muka je gaisuwa. Shekarar da firjin ofis ya lalace, ka zuba ƙanƙara a fulas ka kai kwalaben antibodi gida, ka kwashe mata kayan miya daga saman firjinta, ka jera su, ka liƙa takarda cewa duk wanda ya taɓa ku haɗu a gaban Allah. Mako biyu tana neman izininka kafin ta ɗauki ruwan sanyi a gidanta. Tana faɗa tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi, mu ma haka.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan rakiya. Kana da doka guda: duk gilashin da za a ɗiga wa antibodi, sai an yanko masa ɗan'uwa daga fata ɗaya, a yi masa duk abin da aka yi wa na farko, wanki da jira da rufewa, amma ban da antibodin. Shi ka raɗa wa suna ɗan rakiya, ya bi ayari amma ba a ba shi komai ba. Idan aka haska shi dole a gan shi baƙi. In ya yi haske, to hasken ɗan'uwansa ma ba abin yarda ba ne. Na san dokar, na kuma san dalilinta. Sai dai ka tafi hutun wata biyu, lokaci ya ƙure mini, makaranta ta rubuto cewa idan ban miƙa kundina kafin ƙarshen watan Maris ba za a soke sunana, shekara uku su tafi a banza. Na dubi fatar majinyata arba'in, na ce gilashi arba'in sun ishe ni, wa yake da lokacin tamanin?

Sakamakon ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Duka arba'in ɗin suka yi kore, kamar gonar da ta sha ruwa. Na ɗauki hotuna, na nuna wa Farfesa, na nuna wa maigidana, har yayata da ba ta san kan abin ba sai da na tura mata. Da ka dawo farkon Fabrairu na tare ka tun daga bakin ƙofa, bakina har kunne. Ka zauna ka duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ka ce, “Ma sha Allah, Likita. Ina 'yan rakiya?” Na ce ai abin a fili yake, ko makaho ya shafa ya ji. Ka miƙo mini hotunan ka koma kan aikinka.

Bayan kwana biyu ka kira ni ɗakin duhu. Ka jera gilasai huɗu, ka rufe rubutun jikinsu da farar takarda, ka ce in zaɓo maka wanda ya fi haske don a sa a bangon kundi. Na duba, na sake dubawa, na zaɓi na uku, har ina yaba wa kaina. Ka ɓare takardar. Ɗan rakiya ne da ka yanko da kanka, antibodi ko ɗigo bai taɓa shi ba. “Fata irin wannan da kanta take yin kore, 'yar nan,” ka ce, “balle ta daɗe a ruwan da muke adana ta. Karenki yana gida yana barci, ke kina nan kina yaba masa farauta.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da yake ni mai saurin fushi ce, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, sai na ɗora maka. Na yi gaba da kai. Kullum da safe ka ce, “Likita, an tashi lafiya?” in amsa a ciki in wuce, kai ko a jikinka. A rana ta huɗu ka tsaya a bayan kujerata ka ce, “Kwana uku addini ya ba ki, kin ƙara ɗaya. In kin gama, zo mu yi aiki.” Dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo baya, ka miƙo mini takardar goge gilashi don ita ce a hannunka.

Ashe a kwanakin da nake kumbure-kumbure ka riga ka nemo mafita. Fata ba ta cika yin ja da kanta ba, don haka antibodi mai jan rini muke buƙata. Ka rubuta wa wata tsohuwar ɗalibarka da ke wani ɗakin gwaji mai nisa, ta yi alkawarin aiko mana da kwalba ɗaya a cikin ƙanƙara. Ragowar fatar majinyatan tana nan daskare a cikin kakin kyandir da muke ajiye ta, amma ta yi kaɗan, wasu ba su kai ƙwayar wake ba, hannun da bai ƙware ba zai ƙarar da su a yanka biyu. Ka ce in je in gyara rubutuna, yanka naka ne. Mako uku kana zaune gaban injin yanka, tabarau a kan hanci, kana murza hannunsa a hankali, kana ɗauko yanki mai sirantar ɓawon albasa da ɗan burushi. In na leƙo in ce ka huta, sai ka ce in rufe ƙofa iska na kwashe maka aiki. Ranar Juma'a ka gama, ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, za ka je a duba ka. Rabuwarmu ke nan.

Kwalbar ta iso ranar Alhamis, kwana biyu bayan rasuwarka. Sai Litinin na iya buɗe akwatin da ka bar mini a kan tebur. Gilashi tamanin ne, jere biyu-biyu, kowane na biyu ka sa masa harafin R da fensir. A cikin majinyatan akwai wata da fatarta ta kusan ƙarewa, na tabbata ɗaya ma da ƙyar za a samu, amma ka fitar mata da biyu. Ban san yadda ka yi ba. A ranar na ɗiga sabon antibodin a kan na farkon kowane biyu, na bar 'yan rakiya haka.

Da safiyar Talata na shiga ɗakin duhu ni kaɗai. Na fara da ɗan rakiya, don na san in shi ma ya yi ja, to magana ta ƙare, sai dai in tattara kayana. Na sa ido a madubi. Na murza sama, na murza ƙasa, na duba ko fitilar madubin ce ta mutu, na ga lafiyarta ƙalau. Baƙi ƙirin, Baba. Na sa ɗan'uwansa, sai ga zaruruwa ja wur sun cika ido. Na yi ihun da ya sa mai shara ta jefar da tsintsiya ta shigo da gudu, ta kunna fitila, na ji bakina ya ce mata abin da kake cewa.

Sakamakon bai kai na farko armashi ba. A cikin arba'in, ashirin da bakwai ne suka nuna abin da nake zargi, sauran suka ƙaryata ni, kuma haka na rubuta. Farfesa ya ce ashirin da bakwai ɗin nan zai iya tsayawa a kansu gaban kowa. Na miƙa kundin ranar talatin ga wata, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika.

Daga ofishin makaranta gidanka na wuce. Na tarar da Mama zaune a falo, ta ce, “'Yata, ya aikin da ya bar miki?” Na fara neman yadda zan yi mata bayani da kalmomi masu sauƙi, sai ta katse ni: “Ɗan rakiyar nake tambaya. Me kika gani?” Na ce, “Mama, ban ga komai ba.” Ta ɗaga hannu ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ta ce shekara talatin, in ka shigo gida da fara'a kana tsokanar yara, ta san abin da za ka faɗa kafin ka zauna: yau ba mu ga komai ba. Ta riƙe hannuna ta ce da kana nan da yau ba wanda zai huta da surutunka a gidan.

Mama, Allah ya ba ki haƙuri, ya tsaya miki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da Farfesa da dukan ma'aikatan ɗakinmu, da ɗaliban da suka sha faɗansa suka zama mutane. Baba, na yafe maka tsawarka duka, kai ma ina roƙon Allah ya sa ka yafe mini kwana huɗun nan. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Duk majinyacin da wata rana ya miƙe hannunsa sanadin wannan aiki, Allah ya kai maka ladan, don da ba ka tsare mana gaskiyarsa ba da babu shi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.