Saƙon da Bai Isa Tafkin Komo Ba

A layinmu na Tottenham a Landan babu wanda ya kai Malam Sumani sanin hanyar Italiya, kuma babu wanda ya kai shi rashin zuwa can. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya, ni da yarana a sama, shi da matarsa Zinatu a ƙasa, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Har yau in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci, daga baya tausayi ya biyo.

Ɗan zangon Kumasi ne, dogo siriri, ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi. Aikinsa shara da goge-goge a wani ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Aldwych. Kowane wata ofishin yakan sayi sabon littafin lokutan jiragen ƙasa na Turai, a jefar da tsohon, shi kuma Sumani ya tsince shi ya kawo gida. Littattafan nan sun cika saman kabad, sun cika ƙarƙashin gado, har Zinatu ta rasa inda za ta ajiye tukwanenta.

In ka yi kuskuren tambayarsa sai ka kwana biyu ba ka huta ba. Daga tashar Victoria zuwa Dover, jirgin ruwa zuwa Calais, daga nan jirgin ƙasa mai kwana a hanya ya ratsa Basel ta Suwizalan ya sauke ka a Komo da ke bakin tafki, sannan ƙaramin jirgin ruwa ya bi tafkin da kai har ƙauyen da yayarsa Safura take. Ya san minti nawa ne tsakanin wannan jirgi da wancan. Ya rubuta da jan biro inda zai haɗa azahar da la'asar, da ɓangaren da alƙibla take in jirgi ya miƙe kudu. Jirgin sama kuwa ya rantse ba zai ƙara shiga ba, tun wanda ya kawo shi Landan ya yi ta wujijjiga su a sama.

Dalilin tafiyar shi ne wannan. Safura tana budurwa ta kama aikin raino a gidan wani Bature ɗan Italiya mai aikin hanya a Kumasi. Da za su koma ƙasarsu suka ce ta bi su, ta yarda. Uwarsu, wadda suke kira Mma, ta tsaya a ƙofar gida ta ce in ta sa ƙafa a motar nan, kada ta ƙara kiranta uwa. Safura ta shiga motar. Shekara goma sha ɗaya tana aiko kaset, Mma ba ta saurari ko ɗaya ba. Sai a ciwon ajalinta, a 1982, ta kira Sumani, ta ɗora tafin hannunta a kansa ta ce ta yafe wa Safura duniya da lahira. Ta ce ya je ya faɗa mata da bakinsa, ya dafa kanta kamar yadda ta dafa nasa.

Wannan hannu shi ya kawo Sumani Turai. Landan ya samu shiga, bizarsa ta ƙare, ya maƙale shekara biyar ba takarda, in ya fita ba dawowa. Wannan ban ga laifinsa ba. Laifinsa da na gani a falona aka yi shi, domin ni ce mai tarho a gidan. Duk ranar salla yakan hau sama ya kira gidan Turawan, a kira masa Safura. Ina jin muryarta siririya daga inda nake zaune, bayan gaisuwa sai ta tambaya ko Mma ta ambace ta kafin ta cika.

"Akwai saƙo, Yaya," in ji shi. "Sai na zo."

Ran farko na haƙura. A salla ta uku na kasa haƙura, yana ajiye kan tarhon na tare shi.

"Malam Sumani, don girman Allah, kalma uku ce fa. Ka faɗa mata ta samu barci, in ka je ka dafa kan."

Ya amsa da Hausarsa ta zango wadda ba ta ware mace da namiji: "Anti Asama'u, Mma bai ce waya ba. Ya ce hannu. Amana ne, ba na raba shi biyu."

Na ce masa taurin kansa ya fi na jaki. Ya yi murmushi ya sauka ƙasa.

Takardunsa sun fito a 1988, kuma a bazarar 1989 ya tashi da gaske. Zinatu ta soya masa kaza, ta ɗaura masa garin rogo da shito, soyayyen yajin nan nasu, muka raka shi Victoria kamar mai tafiya Makka. Kwana biyu sai ga shi a ƙofa da jakarsa, kazar ma bai ci rabi ba. Ya samo bizar Faransa, ya samo ta Italiya, amma bai san cewa jirgin da ke ratsa Suwizalan yana bukatar ta uku ba. Littattafansa ba su faɗa ba, Turawan ofishinsu da ya tambaya kuwa ba su taɓa neman biza ba a rayuwarsu. A Basel aka sauke shi. Tsakaninsa da Safura bai kai tafiyar wuni ɗaya ba.

Tun daga nan wani abu ya karye a cikinsa. Bai daina shiri ba, shirin ma ƙaruwa ya yi, amma ya zama mai tsoron kuskure kamar yadda wasu ke tsoron maciji. Ya zana sabuwar hanya ta Paris da Turin da Milan don ya kauce wa Suwizalan. Wata shekara ya ce bizar farko za ta ƙare kafin ta biyu ta fito. Wata shekara ya ce jiragen tafkin sun ragu saboda sanyi, kada ya isa Komo ya rasa na ƙauye. Da aka buɗe hanyar jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku a 1994, maimakon ya yi murna sai ya zauna ya dafe kai, wai duk lissafin lokutansa ya rushe, sai ya sake daga farko. Zinatu ta gaji da magana. Ni ban gaji ba, amma maganata ba ta taɓa shiga kunnensa ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi, ba mu lura ba: Safura ta daina tambaya. Salla ta zo, su gaisa, ta tambayi Zinatu, ta tambaye ni, ta ajiye. Na ɗauka haƙuri ta yi.

A watan Yuli na 1996 ya hawo sama fuskarsa a washe. "Anti, na yi booking. Satumba, ran goma sha biyu. Wannan karo ko minti ɗaya ba zai ɓace ba."

A watan Agusta ɗan ƙunshi ya iso daga Italiya. 'Yar Turawan da Safura ta yi rainonta ce ta aiko, da gajeriyar wasiƙa cewa Safura ta rasu bayan jinyar wata huɗu da ta hana a faɗa masa, da kaset ɗaya da ta bari da sunansa. Rediyonsu ya lalace, don haka a falona aka saka, da hantsi, mu uku.

Muryar ta tsufa, tana numfashi da ƙyar. Ta ce: "Sumani, ka daina wahalar da kanka da jirgi. Na san saƙon. Da alheri ne, da tuni ka faɗa mini, ba ka iya riƙe daɗi a ciki tun kana yaro. Mma bai yafe ba, kai kuma kana jin tausayina. Na karɓa. Kada ka zo ka faɗa mini, ba zan iya ji ba."

Sumani ya miƙe tsaye ya kama rediyon da hannu biyu yana cewa, "Ya yafe miki, Yaya, wallahi ya yafe miki," kaset ɗin kuwa yana ta juyawa ba kowa a ciki. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum irin yadda na ji nasa ba. Na ji haushin kaina ma. Tarhon nawa ne, lambar tana rubuce a bangona, da na ɗaga na faɗa mata da bakina.

Ya yi tafiyar a ranar da ya sa. Babu jirgin da ya makara, babu wanda ya tare shi, tafiyar da ya shekara goma sha huɗu yana shiryawa ta ƙare a kwana ɗaya da wuni. Da ya dawo na sauka na yi masa sannu da zuwa, na same shi zaune a bakin gado, littattafan suna nan inda suke. Ya ce maƙabartar tana kan tudu, ana hango ruwan. Ya ce mutanen can suna manna hoton mamaci a jikin dutsen kabari, kuma na Safura tana sanye da ɗankwali.

Na ce, "Ka faɗa mata?"

Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. "Na dafa kan hoton, Anti. Da sanyi."