Gahawar da Ban Sha Ba a Makokin Ustaza Maisun

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake mayar da mu. Ranar Litinin, sha uku ga Mayu, da hantsi, zuciyar lauya Ustaza Maisun Abdulfattah ta tsaya a kan matattakalar kotu a Zarka ta ƙasar Jordan, tana da shekara hamsin da huɗu. Ta faɗi rungume da fayil. Takardun suka watse, masu gaggawa suka bi ta kansu.

Ustaza, ni ne Abu Muhannad, mai teburin da ke ƙarƙashin lema a bakin ƙofa. Na karanta shari'a a Dimashƙa tun kina firamare, na ƙare ina rubuta wa mutane takardun koke. Shekara ashirin kina wuce ni da safe, ki dire mini burodi mai riɗi ki ce, "Baba, yau ƙaryar wa kake yi wa kwalliya?" Ni kuma in ce, "Ta wanda ya riga zuwa, 'yata." Da aka yi mini aikin ido, kika zauna a kujerata yini guda da baƙar rigarki ta lauya, kina rubuta wa ƙauyawa koke don kada maƙwabcina mai irin sana'ata ya ɗauke mini su. Abokan aikinki sun yi wata suna dariya.

Aikinki tsaya wa 'yan matan da hukuma ke kullewa don a kare su daga danginsu. Mai barazana yana gida yana cin mansaf, shinkafa da naman rago, wadda ake so a kashe tana bayan ƙarfe, ba ta fita sai namiji daga gidansu ya sa hannu cewa ba abin da zai same ta. Irin wannan takarda na rubuta wa uban Sausan, yarinya 'yar sha biyar. Kin roƙi kowa kada a miƙa ta. Aka miƙa ta, bayan kwana huɗu aka binne ta. Wanta ne ya kashe ta, uban ya yafe haƙƙinsa, hukuncin ya yi sauƙi. Kika zo kika shimfiɗa takardar a teburina kika ce, "Rubutunka ya yi kyau." Shekara guda ban ga burodi ba. Daga baya kika ci gaba da kawowa, amma ba ki taɓa cewa kin yafe ba.

Fayil ɗin da kika faɗi da shi na Wijdan ne. Shekararta sha shida. Ta faɗi sunan ɗan baffanta da ya yi mata fyaɗe, sai aka kulle ta, wata tara ke nan. Kin samo mata gurbi a gidan da ake ɓoye irinsu, saura ki tsaya mata ranar Lahadi mai zuwa, kafin baffan ya kawo takardarsa.

Na je makokinki ranar Laraba. Lauyoyi sun cika rumfa, har da waɗanda suke kiranki mai raba gidaje. Ustaz Fawwaz, babbansu, ya miƙe ya ce ke uwar marasa gata ce, ya share ido. Da aka zagayo da gahawa mai ɗaci, na karɓi kofin na ajiye shi a ƙasa ban kurɓa ba. Kowa ya gani, kowa kuma ya san a al'adarmu baƙon da ya yi haka yana da buƙata, kamar yadda masu neman aure ke yi, kuma abin kunya ne ga mutanen wuri su bar gahawarsa ta huce.

Ƙanenki ya matso ya ce, "Sha gahawarka, Baba. Me kake so?"

Na ce, "Lauya ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗauki fayil ɗin Wijdan."

Wasu suka duƙufa kan carbi, wasu kan waya. Ustaz Fawwaz ya ce, "Alhaji, nan wurin makoki ne, ba kotu ba. Kuma dangin nan ba a wasa da su." Wani daga baya ya ce, "Tsoho ya ɗauka neman aure aka zo." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na zauna har aka kira la'asar. Mai rabon gahawa ya ɗauke kofin ya zubar a gindin rumfa.

Jiya Alhamis baffan Wijdan ya zo teburina, da fara'arsa. Ya ce, "An ce duk layin nan babu mai hannunka." Na ce ba zan rubuta ba. Ya yi taku biyu zuwa teburin maƙwabcina, cikin minti goma ya tashi da takardarsa. Iyakar jarumtata ke nan, Ustaza, kuma kin ga abin da ta tsinana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa waɗanda kika kuɓutar su zama shaidunki ranar da ba a sa wa kowa hannu. Ina yi wa mijinki Abu Lais ta'aziyya, da 'ya'yanki Lais da Tamara, da ƙanenki da bai ji daɗin abin da na yi masa a rumfa ba. Allah Ya ba su haƙuri.

Saura mutum ɗaya da ban yi wa ba. An ce har yanzu ba wanda ya gaya wa Wijdan. Ta wanke rigarta ta shanya, tana jiranki jibi.