Kaka Ba Ta Ci a Gaban Mutane

Mun tashi da asuba daga Azare, ni da yayana, garin na ɗigon ragowar ruwan da aka kwana ana yi. A tasha direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru tun jiya, ya ɗora laifin a kan fetur. Ba wanda ya yi gardama, kowa ya gaji da yin ta.

Saƙo muke ɗauke da shi zuwa Katagum. Baffanmu da ke Abuja ya samo wa Kaka gurbi a wani gidan kula da tsofaffi, mai likita da gado mai laushi. Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, Gwaggo ce kaɗai ke ɗaga ta, ta wanke ta, ta kwantar da ita, ga shi ita ma bayanta ya fara ba ta wahala. An turo mu mu ji ta bakinsu.

Hanya ta jiƙe, ramuka sun cika da ruwa har ba a gane zurfinsu sai mota ta faɗa. Gero ya yi kore shar, shanu na tsallaka titi ba sa sauri don kowa. A Gadau muka sayi masa mai zafi, sai dai ta ƙanƙance, loma guda ta ƙare. Da muka kusa kogi na ga masunta suna janyo koma a hankali, na ji kamar in sauka in zauna a gaɓa har yamma.

Mun sami Kaka a tabarma, ta rame sai idanu. Ta dubi yayana ta ce, "Angona, haka ake zuwa wajen amarya, ba ko goro?" Ya miƙa mata soyayyen kifin da muka tsaya muka saya. Ta ce ta ƙoshi.

Da azahar na dama mata fura, na zauna gabanta da ludayi ina lallashi. Ta kau da kai, ta ce Allah ya yi albarka, ba ta jin yunwa. Na yi ta roƙo har furar ta kwanta. Gwaggo ta fito daga banɗaki riƙe da ƙugu, ta karɓi ƙwaryar ta ajiye kusa da hannun Kaka, ta ja ni madafa.

"Inna Bafulatanar rugga ce, 'yata," in ji ta. "Ba ta ci ana kallonta, ba ta kuma taɓa buɗe baki ta ce tana jin yunwa ba. Ajiyewa ake yi a ba ta baya. Lokacin da aka kwantar da ita asibiti, kullum tambayarta suke, ta ce ta ƙoshi, su ɗauke. Saura kaɗan mu rasa ta."

Da muka dawo, ƙwarya ta yi fes, kifin ma sai ƙaya. Kaka na jan carbi kamar ba abin da ya faru.

Na isar da saƙon Baffa. Na zaci Gwaggo za ta yi faɗa, sai hawaye ya taru mata. "Wallahi na gaji," ta ce. "Da zan sami barcin yini guda, da na gode Allah. Amma can wa zai san ya juya mata baya?"

Sauran yinin ni na karɓi Gwaggo. Na ɗaga Kaka, na yi mata alwala, na sauya mata zane, na shafe mata ƙafa da man kaɗe. Gwaggo ta jingina da bango don ta nuna mini yadda ake yi, barci ya sace ta a zaune.

Mun shigo Azare ana kiran isha'i, keke napep ya ƙarasa da mu gida. Na kira Baffa na ce Kaka ba za ta rayu a hannun baƙi ba, komai kirkinsu, amma in aka ci gaba a haka, Gwaggo za mu fara binnewa. Daga ƙarshe ya amince a raba kwanakin jinya tsakanin gidajenmu, kowa ya je ya karɓi Gwaggo. Ni zan fara idan an yi hutun kwaleji.

Na tafi ina tunanin tsohuwa ɗaya ce ke bukatar kulawa a gidan nan, ashe su biyu ne. Rabin yini kawai na ɗauki Kaka, kuma har yanzu da nake rubutun nan kafaɗata ba ta daina ciwo ba.